Alƙali, lauya ko zaman sulhu: ƙofar da za ki ƙwanƙwasa idan aure ya ƙi a Kaduna

Wata bakwai ƙanwata ta yi a ɗakin mahaifiyarmu a Tudun Wada, ita da yaranta biyu. Mijin bai zo biko ba, bai aiko da takarda ba, ko mudun masara bai aiko ba. Da haƙurin kowa ya ƙare, ni aka ce in raka ta kotu. Muna zaune kan benci a baranda muna jiran magatakarda, sai wata dattijuwa da ke gefenmu, wadda daga yadda ta zo da butarta da dardumarta ka san ba yau ta fara zuwa ba, ta dube ta ta ce, "'Yar nan, me kika zo nema, saki ko yara ko abincinsu?" Ƙanwata ta ce, "Duka, Iya." Tsohuwa ta girgiza kai ta ce, "To ki rarrabe su tun a nan waje. In kin shiga da su a dunƙule, da ɗaya za ki fito."

Ban fahimci maganar nan ba sai da tafiya ta yi nisa. Mu a lokacin abin da muke ta tambayar mutane shi ne wane lauya ne ya iya shari'ar aure, kuma nawa yake karɓa. Ashe wannan ita ce tambaya ta uku. Ta farko ita ce wane irin aure aka ɗaura, don shi ne zai nuna miki kotun da za ki. Ta biyu kuwa, a kan me ake jayayya tsakaninki da shi. Amsar waɗannan biyun ce za ta faɗa miki ko lauya kike bukata, ko zaman manya ya isa, ko kuwa ki yafa mayafinki ki tsaya gaban alƙali da bakinki.

Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, bayan rikicin da aka yi a 2000, aka soke kotunan eriya a Jihar Kaduna aka kafa kotunan Shari'a da kotunan gargajiya a madadinsu, ga kuma majistare da Babbar Kotun Jiha suna nan yadda suke. Auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu, a masallaci ne ko a ƙofar gida, maganarsa tana kotun Shari'a, irin ta Magajin Gari ko ta Rigasa. Auren da aka yi bisa al'adar wata ƙabila, aka biya dukiyar aure, na kotun gargajiya ne. Auren rajista kuwa, har da na cocin da gwamnati ta ba lasisi aka kuma ba ma'aurata satifiket na hukuma, babu mai ikon warware shi sai Babbar Kotun Jiha, wadda muke ce wa Haikot.

Bari in sallami masu auren rajista tukuna, don su zaɓinsu bai da yawa. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa, 'yar Sabon Tasha, ta yi zaton tunda an mayar wa dangin mijinta dukiyar aure, magana ta ƙare. Sai da wani ya fito nemanta sannan aka ce mata a idon doka har gobe matar wancan ce, in ta ɗaura wani auren a kai ma laifi ne. Dokar 1970 da ke kula da irin wannan aure dalili ɗaya ta sani na rabuwa, wato auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, kuma sai kin tabbatar da haka ta ɗaya daga hanyoyi takwas da ta lissafa. Daga ciki akwai zina da ta sa ba za ki iya ci gaba da zama da shi ba, da mugun halin da ba a sa ran mutum ya jure, da ƙaurace wa gida shekara guda, da zama a rabe shekara biyu idan ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko shekara uku ko ya yarda ko bai yarda ba. Auren da bai kai shekara biyu ba kuwa, in ban da wasu 'yan dalilai, sai an fara neman izinin kotu kafin a shigar da ƙara. Ko an yanke hukunci ma, na wucin gadi ake fara bayarwa, sai ya yi wata uku sannan ya tabbata. Takardun nan duk da Turanci ake tsara su, kuma kuskure ƙarami kan sa a dawo da mutum farko. Doka ba ta hana ki tsaya wa kanki ba, amma ni ba zan ba ko maƙiyiyata wannan shawara ba. Ki nemi lauya, na kuɗi ko na kyauta, ki kuma ce masa ya haɗa maganar yara da ciyarwa da rabon dukiya a cikin ƙarar tun farko.

Kotun gargajiya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ana magana da harshen da kowa ke ji, kuma da yawa suna zuwa ba lauya. Inda ake gamuwa da cikas shi ne yara, domin al'adu da dama sun ce 'ya'ya na gidan uba ne. Sai dai tun 1989 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okwueze cewa ko a auren gargajiya, maslahar yaro ce a gaba da haƙƙin uba, kuma dokar kare yara da Jihar Kaduna ta yi a 2018 a kan haka ta tsaya. Idan dangin miji sun taso da maganar al'ada don su karɓe yaro ƙarami, nan ne wurin da za ki so wani masanin doka a gefenki.

Yanzu mu dawo kan auren Musulunci, inda mafi yawanmu muke, inda kuma hanyoyi suka rarrabu.

Hanya ta farko da kowa zai tura ki ita ce sulhu: iyaye, waliyyai, limamin unguwa, mai unguwa, wani lokaci har gaban hakimi. Ba na raina ta. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, ya ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, kuma ko kotun kika je, abu na farko da alƙali zai yi shi ne ya ɗage zama ya ce ku je ku daidaita a gida. Sulhu ba ya cin kuɗi, asiri yana rufuwa, kuma mutumin da za ki yi shekara ashirin kuna haɗuwa da shi a sunan jika da bikin 'ya, gara ku rabu ba a tona wa juna ciki a bainar jama'a ba. Amma ni na ga rauninsa da idona. Sau biyu aka zauna da mijin ƙanwata a zauren kawunmu. Ya durƙusa, ya ce "Insha Allahu, Baba, daga wannan wata," aka shafa fatiha aka watse. Watan ya zo ya wuce. Liman ba shi da ɗan sanda, mai unguwa ba shi da sammaci, abin da suke da shi kunya ce, kuma wanda ya bar yaransa wata bakwai ba abinci ya daɗe da sayar da tasa. Don haka sulhu yana aiki ne ga mijin da har yanzu akwai wanda yake jin nauyi. Ko da shi ɗin ma, a rubuta abin da aka yarda a kai, nawa ne a wata, ranar nawa ga wata, wa zai biya kuɗin makaranta, yaushe zai riƙa ganin yara, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, sannan a kai takardar gaban alƙali a roƙe shi ya mayar da ita hukuncin kotu. Da zarar ya yi haka, ta tashi daga alkawari, ta zama abin da za a iya tilasta masa.

Ofishin 'yan sanda kuwa, ki bar shi, sai in akwai duka ko barazana ko an sace yaro an gudu. Ɗan sanda ba ya raba aure, ba ya yanka kuɗin abinci, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Abin da za ki samu kawai shi ne dangin miji su riƙe ki a zuci cewa kin sa an kulle ɗansu. In akwai duka, wannan wani babi ne dabam. Ki fara zuwa asibiti a rubuta abin da aka gani a jikinki a ranar, ki adana katin, sannan ki kai rahoto, don jihar nan tana da dokar hana cin zarafi tun 2018. Katin nan zai yi miki amfani a gaban alƙali fiye da yadda kike zato.

Hanya ta biyu, ki je kotun Shari'a da kanki. Mata da yawa suna tsoron haka, alhali kotun don irinmu aka yi ta. Za ki sami magatakarda ki faɗi ƙararki, ki biya kuɗin buɗe ƙara da na kai sammaci, ki karɓi rasit, a ba ki rana. Da Hausa ake zaman, alƙali zai ce ki faɗi da'awarki, ya juya ya tambayi wanda kike ƙara. Ƙa'idar kuma sananniya ce, hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Idan abin da ke tsakaninku babu musu a kansa, wannan hanya ta ishe ki. Misali ya sake ki, ya rubuta, bai musa ba, ya yarda yaran nasa ne, abin da ya rage a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Kiran lauya a kan wannan kamar ɗauko tirela ne don buhu ɗaya. Ki dai je da lissafinki a rubuce: mudu nawa kuke ci a mako, kuɗin makaranta na zango, rasit na magani, sabulu, tufafin salla. Ki kuma san sana'arsa da abin da take kawowa, don alƙali gwargwadon halin uba yake yankawa, ba gwargwadon fushinki ba. Akwai haƙƙoƙin da mata ke mantawa su ambata, alƙali kuwa ba ya ba ki abin da ba ki nema ba: ciyarwar idda idan sakin na kome ne, ciyarwa har ki haihu idan akwai ciki ko wane irin saki ne, ladan shayarwa bayan an rabu, kason yara a kuɗin haya, da kayan ɗakinki.

Inda zuwa ke kaɗai yake zama kasada shi ne idan ke ce kike neman rabuwa shi kuwa ya ƙi. A nan ne ƙanwata ta kusa yin asara, kuma a nan ne na gane abin da tsohuwar baranda take nufi. Ta gaji, ta ƙosa, duk abin da take so ta ji an ce ba ta da aure. Ta ce min, "Yaya, ni zan ce wa alƙali in fanshi kaina kawai, in ba shi sadakinsa in huta." Wannan shi ne kul'i, kuma halal ne, asalinsa matar Sabitu ɗan Ƙaisu da Manzon Allah (SAW) ya umarce ta ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki. Kul'i yana da sauri, ba sai kin kawo shaida ko ɗaya ba, kuma ba shi da kome, in yana son ki dawo sai da sabon aure da yardarki. Amma kul'i ƙofar wadda ta ƙi miji ce ba tare da ya cuce ta ba. Wadda aka cuta tana da tata ƙofar a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da ita. Idan kin tabbatar da cuta, kamar duka ko zagi mai muni ko ƙaurace wa shimfiɗa, alƙali yana da ikon raba auren ba ki biya ko kwabo ba. Haka idan ya kasa ciyarwa ko ya ƙi, za a ɗiba masa wa'adi, in bai gyara ba a sake ki a kansa. Malikiyya ta ma sassauta hanyar shaida a nan, tana karɓar shaidar ji, wato mutanen kirki su ce magana ta bazu a unguwa cewa wane yana cutar matarsa, ko da ba su ga dukan da idonsu ba. Har wadda ta riga ta biya kul'i, in daga baya ta tabbatar cuta ce ta sa ta biya, ana mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan daram.

To, me ya sa mata ke ruguwa zuwa kul'i? Saboda tabbatar da cuta aiki ne. Sai kin kawo shaidu, kuma ba kowa ake karɓa ba. Mahaifinki ko mahaifiyarki ba za su yi miki shaida a karɓa ba, wanda ke da sananniyar gaba da mijin ma za a soke shi. Maƙwabta kuwa da suka riƙa jin kukanki ta katanga, ranar kotu sai ka ji wannan ya tafi Zariya, wancan ciwon kai ya kama shi. Hotuna da katin asibiti da saƙonnin WhatsApp suna ƙarfafa magana, amma shaidu masu tsayawa su yi bayani su ne ƙashin baya. Wanda ya san aikin shi ne zai gaya miki wa za ki kira, me za a tambaye shi, da yadda za ki soki shaidar ɗaya ɓangaren. In kuwa kul'in kika zaɓa da idonki a buɗe, ki shirya wa ciniki. Wani mijin zai zo da doguwar takarda, lefe da kuɗin gaisuwa da kayan na-gani-ina-so, har lemon da ya kai gidanku yana zance. Alƙalai da dama kan tsaya a kan sadakin da aka ambata ranar ɗaurin aure, amma sai kin buɗe baki kin yi jayayya. Babban tarkon kuma shi ne ya ce, "Allah gafarta Malam, na yafe mata sadakin, ta bar min yarana," ko "ta ɗauki nauyin cinsu." Irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ki a shari'a. Kada gajiyar yini ɗaya ta sa ki amsa. Ki ce a ba ki lokaci ki yi shawara, haƙƙinki ne.

Maganar riƙon yara ita ce aka fi yi wa mata ƙarya a kanta. Za ki ji an ce da an yaye yaro ya koma gidan ubansa, ko da ya kai shekara bakwai. Wannan al'ada ce, ko fahimtar wata mazhaba, ba abin da ke cikin littattafan da alƙalanmu ke buɗewa ba ne. A Malikiyya uwa ce ta fi kowa cancantar reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaron ba ta kuma tare, renon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba, kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. In kuma wanda ke da haƙƙin karɓa ya san ta yi auren ya yi shiru har shekara ba uzuri, ya makara. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba ko a hannun wa yaran suke, ko da uwar ta fi shi kuɗi.

Ku ma maza ban manta da ku ba, don na ga wani bawan Allah a barandar nan yana share hawaye da hularsa, shekara guda an hana shi ganin 'yarsa. Reno na uwa ne, amma walicci naka ne. Kana da ikon ganin ɗanka, ka kula da tarbiyyarsa, ka zaɓa masa makaranta, sai dai ya kwana wajen mai renonsa. Kuma idan kana da hujjar cewa inda yaron yake babu aminci, ko an ɗora masa talla an cire shi daga makaranta, kotu za ta saurare ka. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka tare yaro a hanyar Islamiyya ka jefa shi mota. Wannan zai ɓata maka shari'ar da da ka ci.

Idan kin ga shari'arki ta shiga irin wannan sarƙaƙiya, sai hanya ta uku, masu taimako kyauta. Su ma ba ɗaya suke ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ta fara aiki a Najeriya tun 1964 kuma tana da reshe a Kaduna, matsalar mata da yara ita ce aikinta, suna ba da shawara, suna kiran miji a zauna, suna kuma tsayawa a kotu ga wadda ba ta da hali. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da aka kafa a 1999, ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a dokar iyali ta Musulunci a jihohin Arewa maso Yamma. Hukumar gwamnatin tarayya da kowa ke kira Legal Aid, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha, kuma ma'auninta na mai bukata shi ne wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 a wata tun 2024. Sai dai ƙarfinta ya fi karkata ga waɗanda ke tsare a gidan yari, don haka a maganar aure ki fi sa ran shawara da sulhu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da sashen kare haƙƙin 'yan ƙasa na Ma'aikatar Shari'a ta jiha, da jami'an walwala na ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a, duk suna karɓar koken uban da ya yi watsi da yara. Ba sa raba aure, amma takardar gayyata mai tambarin gwamnati tana girgiza ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ke tsoron sunansa fiye da kiran kawu. 'Yan Zariya kuma suna da ofishin taimakon shari'a na ɗaliban lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, a Kongo, inda ɗalibai ke ba da shawara ƙarƙashin malamansu.

Gaskiyar da za a faɗa game da kyauta ita ce layi yana da tsawo, masu aikin kaɗan ne, kuma lauyar da ke riƙe da fayil ɗinki tana riƙe da wasu da yawa. Kuɗin mota da na hoton takardu da na kotu galibi daga aljihunki za su fito. Wadda ta zauna tana jira a kira ta, sai ta gaji da jira. Mu abin da muka samu a wajen wata lauya mai aikin sa kai bai wuce zaman awa ɗaya ba, amma shi ya juya shari'ar. Ta saurari ƙanwata har ta gama kukanta, sannan ta ɗauki biro ta raba takarda gida uku, ta rubuta aure, yara, ciyarwa. Ta ce, "Kada ki ambaci kul'i. Ki ce wata bakwai bai ciyar da ke ba, kina neman haƙƙinki. Ki bari shi ya yi bayani." Ko ranar zama ba ta zo ba, kuma ba mu bukace ta ba.

Wannan ne ya sa nake ganin mutane suna kuskure da suke ɗauka lauya ko dai ka ɗauke shi gaba ɗaya ko ka bar shi. Akwai tsaka-tsaki, ki biya kuɗin shawara na zama ɗaya ko biyu, ya tsara miki da'awa, ki je ki faɗa da bakinki. Lauyan kuɗi na cikakken aiki, wato hanya ta huɗu, yana da wurinsa: idan mijin ya zo da nasa lauyan, idan mai hali ne yana ɓoye samunsa, idan ana jayayya a kan gida ko fili da kuka haɗa kuɗi kuka saya, idan ya musa sakin da ya furta da baki, idan an gudu da yara wata jiha, ko idan za a ɗaukaka ƙara. Amma ki zaɓa da hankali. Wanda ya ƙware a shari'ar filaye a Haikot ba lalle ne ya san bambancin kul'i da sakin cuta ba, kuma alƙalin Shari'a nassi yake so a kawo masa. Ki tambaye shi kai tsaye, "Barista, ka saba tsayawa a kotun Shari'a?" Ki dubi hatimin ƙungiyar lauyoyi mai ɗauke da sunansa da lambarsa a kan takardunsa, don barandar kotu ba ta rasa 'yan kwat da ba lauyoyi ba. Ku yi maganar kuɗi a rubuce tun ranar farko, nawa ne na aikin duka, nawa ne na kowace fita, kuma in an ɗage zama ba a yi komai ba, za ki biya ko ba za ki biya ba. A nan ne kuɗi ke zurarewa. Wanda kuma ya ce miki ya san alƙali, ko ya rantse za ku ci, ki tattara takardunki ki fita. Ba a banza Bahaushe ya ce shari'a mace ce da ciki ba.

Kafin alƙali ya yanke hukunci zai tambaye ki ko kina da sauran magana ko hujja. Wannan shi ake kira i'izari, kuma ba gaisuwa ba ce, dama ce ta ƙarshe, in akwai abin da ya rage ki faɗe shi a nan. Idan hukunci bai yi miki ba, kwana 30 gare ki ki ɗaukaka ƙara, kuma matakalar tana hawa ta Babbar Kotun Shari'a da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya da ke da reshe a nan Kaduna. In kuwa ya yi miki, ki biya a ba ki kwafinsa mai hatimi, kada ki ce ai kowa ya ji. Ki roƙa a rubuta cewa kuɗin ta banki za a riƙa turowa ko ta hannun kotu, kuɗin makaranta kuma a biya makarantar kai tsaye a kawo rasit. Adadin da aka yanka ma ba aya ba ce. Abin da ya ishi yara biyu kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yau ko rabin wata ba zai kai su ba, kuma kina da ikon komawa kotun ki nemi ƙari.

Shari'ar ƙanwata zama huɗu aka yi. A na biyu alƙali ya ɗiba wa mijin wa'adi, a na uku ya zo da yayansa suka nemi a daidaita. Ya rubuta saki ɗaya a gaban kotu, sadaki bai taso ba, yara suka zauna wajenta, aka yanka abin da zai riƙa turowa ranar 5 ga kowane wata, aka ce ya riƙa ɗaukarsu ranar Asabar ya dawo da su kafin magariba. Wata biyu ya biya lafiya, a na uku shiru har 19 ga wata. Wannan karon ba ta ce kowa ya raka ta ba. Ta ciro kwafin hukuncin daga ƙasan akwati inda ta naɗe shi a leda, ta hau Keke Napep ta kai wa magatakarda, aka rubuta sammaci. Ana gobe za a zauna, da daddare muna cin tuwo, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙo min in gani, ta ce, "Yaya, har da na motar da na kashe ya haɗo."